Wuƙar Aljihu da Hakkin Abokan Ango: Waiwaye Daga Ƙofar Kuyambana

Abin da ya jawo wannan rubutu wata hira ce da muka yi da wani ɗan yayana a zauren gidansu da ke Ƙofar Kuyambana, cikin birnin Zariya. Bikinsa ya matso, an gama da lefe da sadaki, aljihu ya yi fayau, sai ga shi da wata sabuwar damuwa. Wai ya gani a intanet cewa a Amurka ango kan saya wa abokansa wuƙar aljihu, a zana sunan kowa a jikin ƙotar, shi ma yana son ya yi wa nasa abokan su goma sha biyu, ko da zai ci bashi. Na ce masa ya dakata mu duba asalin abin tukuna, domin in ka san mafarin al'ada ka san abin da ya zame maka dole da wanda kake ɗora wa kanka.

A tsarin aurenmu na dā, kyauta daga wajen abokai take tafiya zuwa ga ango. Duk wanda ya karanta labarin Baba ta Karo, wadda ta ba Mary Smith tarihin rayuwarta a Giwa tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi littafi a 1954, zai ga yadda ƙawance da abota suke da nauyi a auren mutanen wannan yanki. Babban abokin ango shi ne ɗan aike tsakanin gidaje biyu, a wurinsa ango yake fakewa kwanakin biki, shi ne kan gaba wajen sayen baki, kuma in rigima ta tashi bayan aure shi ake fara nema. Ladansa kuwa ramuwa ce: ranar da nasa ya zo, wanda ya yi wa hidima zai tsaya masa. Haka gudummawar biki take, ana riƙe lissafinta a ka, a mayar da ita da ƙari in lokaci ya yi. Wato abota bashi ce mai tafiya da dawowa, ba a rufe lissafinta ranar walima.

Ita kuma wuƙa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Zazzau. A shekarun 1970 masu binciken kufai na Jami'ar Ahmadu Bello sun tono wuraren narkar da tama a yammacin Samaru waɗanda suka haura shekara dubu. Maƙeran baƙi su ke ƙera wuƙa da aska da lauje da fartanya, dukawa su ɗinka kube, a shigo da kayan ta ƙofofin birni irin su Kuyambana da Doka da Gayan da Kona zuwa kasuwa. A wancan zamani wuƙa tana cikin suturar namiji. Matafiyi yana da ita a damtse ko a ƙugu, manomi yana yankan igiya da ita, mahauci da wanzami kuwa ita ce jarinsu. A birni mai malamai irin Zariya akwai wata ƙaramar wuƙa da ba a cika tunawa da ita ba, wadda almajiri yake feƙe alƙalami da ita kafin ya tsoma a tawada. Ga ta dai a hannun kowa, amma ba a san ta cikin kayan rabon biki ba. Abin rabo shi ne goro.

Sauyi ya zo da Turawa. Sun kama Zariya a 1902, jirgin ƙasa ya iso a 1911, Sabon Gari ya kafu a gefen tasha, kamfanoni irin su John Holt suka buɗe kantuna. Ƙarfen waje da ɓaraguzan reluwe suka yi araha har narkar da tama ta mutu, maƙera suka koma sarrafa tsohon ƙarfe, daga baya kuma sifirin mota. Ta wannan hanyar ciniki ce wuƙa mai naɗewa ta yaɗu a Afirka. Abin lura shi ne, waɗanda suka fi karɓuwa an ƙera su ne tun farko domin mai ƙaramin ƙarfi. Okapi, da aka fara yi a garin Solingen na Jamus a 1902, an yi ta ne don kasuwannin Afirka, kuma a 1988 aikin ƙera ta ya koma Afirka ta Kudu. Douk-Douk ta garin Thiers a Faransa, wadda ta fito a 1929, ƙotarta fallen ƙarfe ne aka lanƙwasa kawai, ta kuma samu kasuwa a ƙasashen da Faransa ta mulka. Opinel, tun 1890, wuƙar manoma ce mai ƙotar itace. Hatta jar wuƙar nan ta Suwizalan da ake taƙama da ita yau, wadda gidan Karl Elsener ya fara yi wa sojoji a 1891, an yi ta ne don soja ya buɗe gwangwanin abinci ya kwance bindigarsa. Tsada da ado daga baya suka shigo.

Su kansu Turawan da ɗan yayana yake son koyi da su suna da camfi a kan wannan kyauta. A Faransa da Ingila an daɗe ana cewa kyautar wuƙa tana yanke zumunci, shi ya sa wanda aka ba yake miƙa ɗan kwabo, a mayar da abin kamar ciniki. Da na gaya masa haka sai ya yi dariya ya ce, "Baba, ashe su ma sun san tukwici." Na ce sun san wani abu mai kama da shi, sai dai namu na godiya ne, nasu na tsoro.

Akwai kuma abin da zamani ya ƙara, wanda bai kamata a rufe ido a kansa ba. Wuƙar da kakanninmu suka rataya ba tare da kowa ya kalle su ba, yau ta samu wani suna saboda ta'asar 'yan daba da 'yan sara-suka a biranen Arewa. Matashin da jami'an tsaro suka tsare da dare da wuƙa a aljihu yana da dogon bayani a gabansa, ko da kuwa sunan ango da amarya ne a jikinta. Tun bayan harin 11 ga Satumba 2001 kuma aka tsananta hana shiga jirgin sama da ita a jakar hannu, abin da ya girgiza masu ƙera ta a Suwizalan har kamfanin Victorinox ya saye Wenger a 2005. Saboda haka kafin ka raba wa samari goma sha biyu kaifi, ka tambayi kanka wa zai amfana, wa kuma za ka jefa cikin wahala.

Shawarar da na ba shi ke nan, ga duk wanda ke cikin irin halinsa. Da fari ya ware waɗanda suka yi ɗawainiya ta haƙiƙa daga waɗanda suka ɗinka anko kawai. Da wuya su wuce uku. Sannan ya dubi sana'ar kowa. Mai gona ko mai kiwo ko wanda ke fiɗar ragon layya da hannunsa zai ji daɗin wuƙa, amma ma'aikacin ofis zai jefa ta a durowa ne. In zai saya, ƙarama mai baki ɗaya ta fi mai bakuna goma ta jabu. Ya buɗe ta ya rufe ya ji ko ƙusar tana girgiza, ya kuma sani cewa baƙin ƙarfe ya fi saurin wasuwa amma yana tsatsa in ba a shafa masa mai ba, farin kuwa ba ya tsatsa da wuri sai dai ya fi wuyar wasawa. In kuma yana son abin da zai ɗauki sunan gida, ya je wurin maƙeri ya ba da aiki, baduku ya yi kube, kuɗin ya tsaya a cikin gari. Bashi dai kada ya kuskura, daidai ruwa daidai tsaki.

Daga ƙarshe biyu ya sa aka ƙera masa, ɗaya ga babban abokinsa mai noman rake, ɗaya ga wani da ke koyar da allo, sauran kuwa ya bi su gida-gida bayan biki da goro da godiya. Ya ce mini babban abokin nasa da ya karɓa ya juya kuben ya yaba, sannan ya tuna masa cewa nasa auren yana nan tafe bayan girbi, ya fara shiri.

Allah Ya ba ma'aurata zaman lafiya, Ya bar zumunci. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.