Yadda Aka Gano Hasken Gama da Ke Fitowa daga Yankin Baƙin Rami

A ƙarshen Afrilu, sa'ad da zafin bazara ke fito da mutanen Rano da Kibiya tsakar gida da tabarminsu, wani gungun taurari mai suna M87 kan ratsa kusan daidai bisa kawunansu wajen goma da rabi na dare. Ido ba ya kama shi, kuma haskensa ya yi shekara miliyan 55 a hanya.

A 1918 Heber Curtis na cibiyar Lick a Amurka ya hangi wani siririn haske miƙe sak daga tsakiyar gungun. Ya rubuta, aka bar maganar, don ba mai fassara ta. Sai a 1963 Maarten Schmidt ya nuna cewa wani abu mai suna 3C 273, da ake wa kallon tauraro, yana can nesa ainun, ya kuma fi taurarin gungunmu gaba ɗaya haske. Sannu a hankali hankalin masana ya koma kan baƙin rami a matsayin tushen waɗannan hasken biyu: iskar gas na kewaya shi tana ɗaukar zafi, ƙarfin maganaɗisu kuma na feso wani kaso waje da gudun da ya kusa na haske.

Hasken gama, wanda ya fi kowane haske ƙarfi, shi ya ba da wahala, domin iskar sama na tare shi, kuma wannan rahama ce babba. Tauraron ɗan'adam COS-B ya tsinkaye shi daga 3C 273 a 1978, na Compton ya kama na wani irinsa, 3C 279, a 1991. Aka fahimci cewa baƙaƙen ramukan da suka fi hasken gama su ne masu feshin da ya fuskanto mu, kamar fitilar babur da ta nufo mutum da dare.

Aikin da ya fi burge ni a Afirka aka yi shi. Tun 2002 madubban H.E.S.S. a tsaunukan Namibiya ke farautar ɗan shuɗin walƙiyar da gama ke haifarwa idan ya daki iska. A Yulin 2006 suka ga hasken gama na wani mai irin wannan feshi, PKS 2155-304, yana ninkuwa cikin 'yan mintoci, alamar cewa wurin da yake fitowa ƙarami ne ƙwarai. Na M87 ma sun ga yana sauyawa cikin kwanaki.

A 2019 aka fito da hoton inuwar ramin M87, mai nauyin rana biliyan 6.5. Har yau masana na ja-in-ja kan ko gaman daga bakin ramin yake tasowa ko daga can cikin feshin.