Wanne ne Hamlet na ainihi?

Wani malamin Ingilishi daga Dogon Dutsi ya aiko da tambaya: me ya sa Hamlet na bugun Arden yake mujalladi biyu, alhali wasa ɗaya ne? Jerin Arden na wasannin Shakespeare dai tsoho ne. Kamfanin Methuen na Landan ya fara shi a 1899, kuma da Hamlet aka buɗe, wanda Edward Dowden ya tace. Tsarin ba baƙo ba ne ga wanda ya yi karatun zaure: matani a sama, sharhi a ƙasa.

Matsalar ita ce Shakespeare bai bar Hamlet da rubutun hannunsa ba. Bugu uku muka gada: na 1603, na 1604 mai kusan ninkinsa tsawo, da na babban kundin 1623. Na farkon ya ɓace wa duniya sai 1823 aka gano shi, masana kuma suka yi masa kallon ɗan bora, suka ce wani ɗan wasa ne da ya fito a matsayin Marcellus ya karanto shi da ka, ya cike inda ya manta da son ransa. Harold Jenkins, a bugunsa na Arden na 1982, ya bi hanyar magabata, ya haɗa nassoshi ya fitar da guda. A 2006 Ann Thompson da Neil Taylor suka ƙi wannan haɗin, suka buga ukun kowanne daban a mujalladi biyu. A ganina su ne kan gaskiya, domin Hamlet ɗin haɗe-haɗe babu wanda ya taɓa kallonsa a zamanin mawallafin. Duk wanda ya san wasannin ƙungiyar Yazi Dogo ta Damagaram ya san labari ɗaya kan fito da fuska daban-daban a bakin ƴan wasa. Za a ce ai Shakespeare rubuta kalmominsa yake yi, ba ƙagowa ake yi a fage ba. Haka ne, amma na 1604 yana cin kusan awa huɗu, dole ƴan wasa su rage, kuma bugun da aka raina ne kaɗai ya faɗa mana Ophelia ta shigo gashinta a kwance tana kaɗa wani irin garaya. Irin wannan bayani daga idon ganau yake fitowa.

Masu cewa an ɗora wa ɗalibi kaya suna da hujja, sai dai mujalladi na farko, mai nassin 1604, ya ishe shi. Ibrahim Yaro Yahaya bai sha wannan wahala ba da ya fassara Daren Sha Biyu, don wasan nassi ɗaya gare shi, na 1623. Zubi na uku na Arden, wanda wannan Hamlet yake ciki, an fara shi a 1995, an kammala shi a 2020.