Kyanwar Da Aka Mayar Tarho

Makon nan mun ajiye ƙirƙirarren labari, mun leƙa ɗakin bincike.

A shekarar 1930 wasu malamai biyu na Jami'ar Princeton da ke Amurka, Wever da Bray, suka wallafa abin da ya girgiza masana. Sun sumar da kyanwa, suka jona waya a jijiyar jinta, suka ja wayar zuwa wani ɗaki aka haɗa da kan tarho. Ɗaya ya yi magana a kunnen kyanwar, ɗayan ya ji muryarsa a can. Suka ɗauka jijiyar ce ke ɗauke da maganar. Bayan shekara guda Edgar Adrian na Ingila ya ce a'a, yawancin abin da suka ji daga can cikin kunne ya fito, sashen nan mai kama da katantanwa. Bincike na baya ya gaskata shi.

Saura gindin ƙwaƙwalwa, inda ta haɗu da laka, mashigar da sauti ke bi kafin ya hau sama. Lantarkin da wurin ke fitarwa bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na bolt ba idan an auna daga fatar kai, motsin tsoka kaɗai ya isa ya binne shi. Dabarar ita ce a buga ƙara "ƙas" sau dubbai, kwamfuta ta tara amsoshin, hayaniyar ta soke juna, amsar gaskiya ta fito. Da haka Don Jewett na San Francisco ya nuna ta a kyanwa a 1970, sannan shi da Williston suka ba igiyoyin lambobin Romawa a 1971. Duka suna aukuwa ne cikin kashi ɗaya bisa ɗari na daƙiƙa.

A ganinmu aikin Buchwald da Huang na 1975 ya fi kowanne ɗaci: sun riƙa yanke sassan gindin ƙwaƙwalwar kyanwa ɗaya bayan ɗaya, suna duba igiyar da za ta ɓace, don gano mafarin kowace.

Dabba ba ta iya cewa "na ji", jariri ma haka. Shi ya sa Hecox da Galambos suka kai gwajin kan jarirai a 1974. Yau da shi ake gano kurumta a jinjiri yana barci, haka ma a 'yan kwikwiyon Dalmeshiyan da fararen kyanwoyi masu shuɗin ido.