Sabon tab mai tsada: ya dace ɗan kasuwa ya canza nasa?

Tun bayan Babbar Sallah abokanmu na Agege, Sabon Ibadan da Lokpanta ke yi mini tambaya iri ɗaya: wai mutum ya sayar da tsohon tab ɗinsa, ya cika kuɗi ya ɗauki sabon iPad Pro? Ni ma sai da zuciyata ta raya mini haka, don haka bari in zayyana abin da na gano kafin wani ya jefa jarinsa.

A unguwar Shamaki nake, cikin garin Gombe. Baba yana sayen shanu a Tike da Potiskum yana lodi zuwa kudu, ni kuma tun da na gama sakandare nake riƙe masa lissafi. Da wani tsohon tab na Samsung da na saya na hannu nake aikin. A ciki nake rubuta kuɗin kowane sa, la'adar dillali, kuɗin tirela, na yaran da ke bin mota, da abin da ake kashewa a hanya. Da shi kuma nake tura bidiyon shanu ga masu saye a Legas kafin a yi lodi. Bana na sayar da bijimin da na yi wata bakwai ina turkarsa, kuɗi suka shigo hannuna, sai ɗan kawuna da ke Mile 12 ya dame ni da cewa in sayi "na manya". Daga nan na fara bincike.

A fara da kuɗin, don nan ne maganar take. Kamfanin Apple ya fitar da iPad Pro mai injin M4 a watan Mayun 2024. Ƙaramin, mai inci 11, ya fara daga dala 999 a Amurka, babban mai inci 13 kuma dala 1,299. Wanda ya biyo bayansa a Oktoban 2025, mai M5, shi ma daga nan farashinsa ya tashi. To amma wannan kuɗin allon ne tsurarsa. In kana son mai ɗaukar layi, ƙara dala 200. Alƙalaminsa, Apple Pencil Pro, dala 129 ne. Madannin rubutu na ƙaramin dala 299. Ka haɗa duka, ka haura dala 1,600. Kafin Yunin 2023 dala ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati, a 2024 kuwa ta wuce 1,500. Ko a 1,500 ɗin ka lissafa, kana maganar kusan naira miliyan biyu da rabi, ba a ma sa ribar mai shago da kuɗin shigo da kaya ba. Da na faɗa wa Baba, bai ce komai ba sai "shanu nawa ke nan?" Kuma kada wanda ke da tsohon iPad Pro ya ce ai yana da alƙalami da madanni: Apple Pencil na biyu da tsohon madannin ba sa aiki da mai M4. Sabo za ka sake saye.

Me ake saye da wannan kuɗin? Gaskiya abin yana da kyau, ba zan yi masa ƙarya ba. Fuskarsa irin wadda ake kira OLED ce, haske tar, launi kamar ka taɓa. Babban kaurinsa milimita 5.1 ne kawai. Injinsa irin na kwamfutocin Mac ne. Mai haɗa finafinai, mai zanen gine-gine, mai zana tambarin kamfanoni, waɗannan za su ga amfaninsa a aljihunsu. Idan kana cikinsu kuma aikin ne ke ciyar da kai, ba da kai nake ba, je ka saya.

Mu kuwa 'yan kara, masu canji, masu gwari da masu shago, ga inda gizo ke saƙar.

Na farko, iPad ba waya ba ne. Ko mai layin ka saya, data kawai yake ja. Ba ka kiran mutum da layin da ke cikinsa, ba ka danna lambobin banki irin na tauraro da ake turo kuɗi da su, kuma saƙon alat na banki ba ta kansa zai shigo ba. Duk wanda ya ga wahalar canjin kuɗi a farkon 2023 ya san yadda cinikin shanu ya koma taransifa. Mutum yana tsaye da igiya a hannu, ba zai saki sa ba sai ya ji alat. Wannan aikin waya ne. WhatsApp ma sai a watan Mayun 2025 ya fito da manhajarsa ta iPad, kuma jona ta ake yi da ta wayarka. Wato dai wayar na nan daram, tab ƙari ne.

Sannan sababbin iPad Pro ɗin nan ba su da ramin sa sim kwata-kwata. Layin da ake kira eSIM suke amfani da shi, wanda ake ɗora wa na'ura ba tare da kati ba. MTN da Airtel suna bayarwa, amma ka san ba irin wanda za ka zare ka sa wani ba ne idan sabis ya ɗauke a tsakanin Lafiya da Makurɗi. Mai bin tirela ya san abin da nake nufi. Masu tallar kuma suna yawan cewa yana da 5G. Haka ne, amma lokacin da MTN ta buɗe 5G a 2022, a Legas, Abuja, Fatakwal, Ibadan, Kano, Owerri da Maiduguri ta fara. Kasuwar shanu a bayan gari take, ba tsakiyar Ikeja ba. Ga datar ma ta ƙara kuɗi tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙura. Duk wanda ya shiga Tike da hunturu ya san yadda mutum ke fitowa fari fat har gira. Ku na kudu kuma ruwa da taɓo ne naku, wanda ya taɓa shiga Kara da damina ba sai an ba shi labari ba. Babu iPad ko ɗaya da kamfanin ya ba shi shaidar jure ruwa da ƙura. Samsung Galaxy Tab S9 da ƙaninsa S9 FE, waɗanda suka fito a 2023, suna da wannan shaidar da ake rubutawa IP68, suna zuwa da alƙalaminsu a cikin kwali, kuma suna karɓar memori. iPad ba ya karɓa. Ka yi tunanin abin miliyan biyu mai sirantaka kamar faifai a hannunka, sa ya zabura ya make ka da ƙaho. Canza fuskarsa kaɗai sai ya ci kuɗin wata wayar mai kyau.

Batir fa? Apple awa goma yake cewa, ko a mai tsadar ko a mai arahar. Nan babu abin da ƙarin kuɗin ya saya maka.

To yaushe ya kamata a canza? Ni a ganina sai in tsohon ya daina karɓar sabuntawa har manhajar banki ko WhatsApp ta ƙi buɗewa, ko wurin ajiya ya cika ba dabara, ko gyaransa ya kusa kuɗin wani. Ban da haka, kayan nan suna daɗewa: iPad Pro na 2018 har yanzu yana ɗaukar iPadOS 26 da aka fitar a 2025. In kuma dole sai Apple, akwai iPad na gama-gari da ya fito a Maris 2025 a kan dala 349, da iPad Air daga dala 599. Lissafi, bidiyon shanu, karatun Alƙur'ani da kallon ƙwallo, duk zai yi maka su ba gargada.

Masu son na hannu, wanda ake cewa "Landan yus", akwai su jibge a Computer Village da ke Ikeja da Farm Centre a Kano, kuma ana samun na kirki. Sai dai a kula da makullin iCloud. Idan mai shi na farko bai cire asusunsa ba, abin ya zama faranti. Wani abokina ya sayi irin wannan a hannun wani a bakin titi, yana gogewa ya nemi lambar sirrin wani Bature, har yau yana cikin akwati. Kada ka biya sai an goge shi a gabanka, an kunna, ka sa naka asusun da hannunka. Ka karɓi rasit mai lambar na'urar, don kayan sata ma suna yawo, kuma kai baƙo ne a garin mutane.

Ni dai abin da na yi, na kai tsohon nawa aka canza masa batir, na sayi riga mai kauri da fawa bank babba. Sauran kuɗin na bi Baba Potiskum ranar Laraba na kamo maruƙa biyu, suna nan ɗaure a bayan gida. Ɗan kawun nawa har yanzu yana turo mini hotunan iPad ɗin, ni kuma ina mayar masa da na maruƙan.