Tarihin Hanyoyin Ƙafa Na Kewayen Zariya

Duk wanda ya yi makarantar kwana a Zariya, da wuya a ce bai taɓa hawa Dutsen Kufena ba, ko dai tare da malamin labarin ƙasa, ko da 'yan sikawut, ko kuma a irin fitar nan ta ranar Asabar da ake yi a layi, kowa da gorar ruwansa. A wancan lokaci abin da ya dami yaro shi ne ya riga abokinsa kai wa ƙololuwa. Kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa turbar da muke takawa ta girmi birnin Zariya kansa. Wannan shi ne abin da nake son mu ɗan waiwaya tare, mu da malamanmu waɗanda suka sha rana suna kora mu gaba.

Kufena yana yamma da birni, kusa da Wusasa. Dutse ne irin wanda kan tashi shi kaɗai a tsakiyar fili, kamar Dala a Kano ko Kwatarkwashi a ƙasar Zamfara. Marigayi Farfesa Abdullahi Smith na Jami'ar Ahmadu Bello ya yi bayani cewa a gindin irin waɗannan duwatsu ne manyan garuruwan Hausa suka fara tsiro. Dalilan a fili suke ga wanda ya taɓa zagaya dutsen da ƙafa. Ruwan sama yakan gangaro ya jiƙa ƙasar gindinsa, saboda haka noma na yin albarka. Wanda ke bisa yana hango ƙurar mahara tun suna nesa. Sa'an nan kuma mutanen da sun yi imani cewa iskoki na zaune a duwatsun, don haka mai neman tsari ko biyan bukata can yakan nufa. Inda mutane suka taru kuwa, dole turba ta fito.

Labarin da aka gada ya ce sarautar Zazzau ta zauna a Turunku, can kudu, cikin ƙaramar hukumar Igabi ta yau, kafin ta dawo Kufena, daga nan ta sauka inda birni yake. Ana danganta wannan ƙaura da Bakwa Turunku, wajen shekarar 1536, kuma an ce ƙarancin ruwa ne ya tashe su daga Turunku. 'Ya'yan Bakwa biyu ne suka shahara, wato Amina da ƙanwarta Zariya wadda birnin ya ci sunanta.

A nan ne masana suka rabu. Littafin Tarihin Kano ya sa Amina a zamanin Sarkin Kano Dauda, wanda ya yi sarauta daga 1421 zuwa 1438. In kuwa 'yar Bakwa ce ta 1536, to an sami tazarar fiye da shekara ɗari. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambace ta a cikin Infaƙul Maisuri a matsayin wadda ta ci ƙasashe da yaƙi, alhali wasu jerin sunayen sarakunan Zazzau ba su kawo ta ba sam. A ganina, wannan saɓani bai rage mata komai ba. Abin da ya kamata mu kiyaye shi ne ɗabi'ar nan tamu ta kiran kowane tudun ƙasa "ganuwar Amina". J. E. G. Sutton, wanda ya bi ganuwoyin Zariya da na Kufena da ƙafa a shekarun 1970, ya nuna cewa ba aikin lokaci ɗaya ba ne. Wasu aka gina, aka faɗaɗa, aka bari, aka sake wasu. Mai tafiya da ya lura zai ga tudun ya miƙe cikin gonaki da alamar gwalalo a gefensa, ya ɓace, ya sake ɓullowa gaba. Manoma da masu itace sun daɗe da mayar da bayansa hanya, domin ya fi fadama bushewa da damina.

Akwai ma abin da ya girmi ganuwar. A kwarin Kubanni, yamma da Samaru, masu tonon kayan tarihi na jami'a sun tono wuraren narkar da tama da suka haura shekara dubu. Baƙaƙen dunƙulen nan masu nauyi da yara kan tsinta a gefen rafi su yi jifa da su, kashin maƙera ne. Haka tsingaron da ke warwatse a gindin Kufena, ragowar tukwanen mutanen da ne. Da yawanmu mun cika aljihu da su ba mu san abin da muka ɗauka ba.

Tafiya ta biyu da ɗalibai suka saba yi ita ce zagayen ganuwar birni, daga ƙofa zuwa ƙofa: Doka, Kuyambana, Gayan, Kona, Bai, Jatau da sauransu. Kowace ƙofa bakin wata doguwar hanya ce ta fatake, masu jakuna da takarkarai, waɗansu sun nufi Kano, waɗansu Nufe, waɗansu har Gwanja neman goro. Ta kudu ne Sarki Makau ya fice lokacin da Malam Musa ya ci birnin a zamanin jihadi, ya gangara wajen Zuba, inda daga baya ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828, wanda yanzu ake kira Suleja. Baturen nan Kilafaton ya shigo Zariya a 1826, kuma abin da ya fara ɗaukar idonsa tun daga nesa shi ne dogayen itatuwan garin. Rimi ke nan, wanda har yanzu sunayen unguwanni irin su Rimin Tsiwa da Rimin Doko ke tuna mana da shi, ko da yake itatuwan kansu sun yi ƙaranci ƙwarai.

Zuwan Turawa a 1902 ya juya akalar hanyoyin. Jirgin ƙasa ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, sai kasuwanci ya koma bakin tasha, Sabon Gari da Tudun Wada suka bunƙasa. An kuma shimfiɗa wani siririn layin dogo daga Zariya zuwa ƙasar kuza, wanda ya bi ta Rahama ya kai Bukuru a 1914, aka rufe shi a 1957. Hanyoyin fatake da yawa sun mutu a wannan zamani, suka zama turbar gona da burtalin shanu.

Amma wani abin mamaki, a daidai lokacin ne aka fara tafiya a ƙasa don sha'awa kawai, abin da kakanninmu za su ɗauka rashin aikin yi ne. Makarantu ne suka kawo wannan. An kafa tashar binciken aikin gona a Samaru a 1922. Mishan ɗin Dokta Mila, wanda ya zauna cikin birni tun 1905, ya koma Wusasa wajen 1929, daidai gindin dutsen, kuma a nan Janar Yakubu Gowon ya tashi. Kamfanin Gaskiya ya kafu a Tukur-Tukur a 1945. Kwalejin da aka fara a Katsina a 1921 ta iso Zariya a 1949 bayan ta yada zango a Kaduna, ita ce aka raɗa wa suna Barewa a 1971. Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a 1962. Garin da ya tara ɗalibai haka, ga kuma dutse a bayan gida, ai ba a rasa masu hawa. Har kwalejin Sen Fol ta Wusasa, da gwamnati ta karɓe ta, sunan dutsen aka ba ta.

Lokacin da ya fi daɗin fita shi ne ƙarshen damina, ciyawa ba ta bushe ba, ƙura ba ta taso ba. Daga bisa ana ganin birni da Tudun Wada da Samaru a shimfiɗe, da koren layin fadamun Kubanni da Galma inda ake noman rake da kayan lambu. A hanya akwai ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da kuka, waɗanda manomi ba ya sarewa domin kowace tana da ranarta a tukunya. Malaman kimiyya sun sha tsayar da aji a ƙarƙashinsu. In hunturu ya shiga kuwa, sai hazo ya rufe komai, mutum ya sha wahalar hawa ya tarar ko Wusasa da ƙyar yake gani.

Yau fa? Gine-gine sun cinye gonakin da ke tsakanin birni da dutsen, kuma turbobi da dama sun ƙare a jikin katangar wani. Ganuwar birni an daɗe ana haƙar ƙasarta ana yin tubali, a wurare da yawa ma gidaje ne a kanta. Kufena da ganuwar duka suna cikin jerin wuraren tarihi da gwamnatin tarayya ta ce a kiyaye, sai dai takarda ba ta hana mai diga da shebur. Ga kuma matsalar tsaro: bayan harin da 'yan bindiga suka kai Kwalejin Nuhu Bamalli a watan Yuni na 2021 suka sace ɗalibai da malamai, babu shugaban makarantar da zai saki yara cikin daji da sauƙin zuciya, kuma ba mai ganin laifinsa.

Akwai aikin da bai fi ƙarfin ƙungiya irin tamu ba. A cikinmu akwai masu safiyo, da malaman tarihi, da waɗanda ke da hotunan fitar makaranta a cikin tsofaffin akwatuna. Dattawan Wusasa da na unguwannin bakin ganuwa waɗanda suka san inda kowace turba ta bi da sunan da ake kiranta suna nan da sauransu, amma kullum raguwa suke yi. Ya kamata a zauna da su, a zana taswirar hanyoyin da inda ganuwa ta rage, a ajiye kwafi ɗaya a laburaren makaranta, ɗaya kuma a Sashen Tarihi na jami'a.