Ruwa ba ya kashe giya: zare daga Bodinga

1/ Wani ya tambaye ni: in an sirka burukutu da ruwa tun tana tsima har ƙarfinta ya ragu, shin ta koma kunu? Ku matso kusa. Ni ɗan Bodinga ne, kuma ƙasarmu ta daɗe da amsa wannan tambayar.

2/ Da farko, ya ake yin ta? A jiƙa dawa ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa, a bar ta kamar kwana 2 ta tsima. Yis ne ke cinye zaƙin tsiron ya mai da shi barasa. Yawan zaƙin da ke randa shi ke yanke yawan abin mayen, ba ruwan ba.

3/ Lissafi: lita 10 mai ƙarfin kashi 6 cikin 100, ka zuba mata ruwa lita 10, ta koma kashi 3. Abin mayen bai je ko'ina ba, bazuwa kawai ya yi. Wanda ƙwarya ɗaya ke kayarwa, yanzu biyu za ta kayar da shi.

4/ Dabarar rage ƙarfi tsohuwa ce. A Ingila ta da, sukan sake jiƙa dusar tsiron da aka riga aka tace su fitar da giya mai rauni, ma'aikata har da yara suna sha kullum. A nan Afirka ta Yamma ma pito yawanci bai kai burukutu ƙarfi ba.

5/ Malamai ma sun tattauna ta. Na Kufa, irin su Abu Hanifa, sun sassauta kan tsimin da ba na inabi ba, muddin ba a sha har ya bugar ba. Malikiyya suka ce a'a: abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Haka muka karanta a Risala a zaure.

6/ Wannan fahimtar ce ta yi mulki a nan. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna Sifawa, nan kusa da mu, kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Abdullahi kuma ya zauna Bodinga. A Kitabul Farƙ Shehu ya soki sarakunan Haɓe da ci da sha ba ruwansu da halal ko haram.

7/ Giyar dawa ba ta ɓace ba, ta dai koma wurin Maguzawa da Azna, a gayya da biki. Turawa suka zo da yarjejeniyar Brussels ta 1890 mai taƙaita shigo da barasar kwalba. A 2000 Jihar Sakkwato ta ƙaddamar da shari'a, aka hana sayar da giya.

8/ Abin da ya fi burge ni shi ne iyayenmu mata. Su ma suna sarrafa gero da dawa da tsiro su dama kunun zaƙi. Ma'auninsu lokaci ne: a dama yau, a shanye yau. Ya kwana biyu ya soma kumfa yana yaji a harshe? Sai a zubar. Ba mai cewa a ƙara masa ruwa.

9/ To ɗan'uwa mai tambaya, ruwa na rage kaifi, amma randar da ta tsima ta tsima. Dattawan Sifawa da Shagari, in akwai abin da kuka ji daga kakanni, ku ƙara mana a ƙasa.