Daga Ramukan Garwa zuwa Ranar Tunawa da 'Yan Mazan Jiya

Kowace shekara, ran 15 ga Janairu, shugabanni kan ajiye furanni a Abuja, a saki fararen tattabaru domin tunawa da sojojin da suka kwanta dama. Asalin wannan al'ada yana komawa ne ga Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda ya ci mutanenmu a nan kusa, a bakin kogin Binuwai.

A ƙarshen watan Agusta 1914, Laftanar Kanar Maclear ya ja dakarun Najeriya daga Yola don ƙwace Garwa daga hannun Jamusawan Kamaru. Sun iske an haƙa ramukan yaƙi an kewaye garin, an girke mashinga. Da dare suka kama sansani ɗaya, gari na wayewa Jamusawa suka yi musu ruwan wuta. Maclear ya faɗi, tare da sojoji da dama, sauran suka ja da baya zuwa Yola. Da Kanar Cunliffe ya jagoranci dakarun suka dawo tare da Faransawa a 1915, sai ya sake dabara: sojoji su yi ta haƙa rami cikin duhu suna matsowa, igwa na luguden wuta. Garwa ta miƙa wuya ran 10 ga Yuni.

Yaƙin ya tsaya ran 11 ga Nuwamba 1918, ranar da Ingila da ƙasashen da ta mallaka suka ware don tunawa da mamata. An gina wuraren tunawa a Zariya, Lokoja, Ibadan da Kalaba. Najeriya ta mayar da ranar zuwa 15 ga Janairu ne saboda a ranar aka kawo ƙarshen yaƙin basasa a 1970.

Sai dai tunawar ba ta game kowa ba. A 2021, hukumar kula da kaburburan yaƙi ta Ƙungiyar Ƙasashe Renon Ingila ta amince cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, akasarinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu ko'ina ba. Baturen hafsa ya samu kabari da dutse, ɗan dako kuwa ko alama babu.

Abin da hukuma ta bari, zuri'a na iya cikewa. In a gidanku akwai kakan da ya tafi yaƙin Jamus bai dawo ba, ku tambayi tsofaffi sunansa da garinsa, ku rubuta, ku sa shi a addu'a.